Jar Jaket a Taron Hankaki

Kamfanin jirgin ruwan ya aiko da takarda mai shafi huɗu a kan abin da mutum zai sa a jikinsa, sai ka ce ya ɗauka fasinjojinsa tsirara suke yawo a gidajensu. Shafin farko ya ce da rana a sa kayan shan iska. Na biyu ya yi gargaɗin cewa a Alaska akan yi sanyi, labarin da ya iso garin Biwabik na jihar Minnesota a watan da ƙanƙara ba ta gama narkewa a bayan gidan Arvo Lahtinen ba. A ƙasan shafi na uku kuwa layi guda ne: ranar liyafar kyaftin, ba a shiga babban ɗakin cin abinci sai namiji ya sa jaket.

A Biwabik wannan kalma ma'ana ɗaya gare ta. Jaket ita ce abin da kake sawa don kada a tsinci gawarka tsakanin ƙofar gida da mota. Waccan baƙar aba da ake sawa ranar binne mutum kwat ce, kuma kowane magidanci yana da guda ɗaya rataye cikin leda tana jiran mummunan labari.

Aili, matar Arvo, ita ta haɗa akwatin, ta kuma hana shi ko leƙawa. Kwana uku ta yi a kansa, takardar a gefenta, fensir a hannu, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya tana sa alama. A da, sa'a guda ta ishe ta. Amma a watan Fabrairu wani likita a Duluth ya zaunar da su biyun, ya yi ta kewaye-kewaye irin na likitoci, daga ƙarshe ya faɗi sunan abin: ciwon mantuwa, kuma ba ya komawa baya. Aili ta yi masa godiya. Sai da suka shiga mota ta yi magana.

"Ba Marlys ba, ba fasto ba, ba kowa ba. Ka ji ni, tsoho?"

"Na ji."

"Ban tambaye ka ko kunnenka na aiki ba. Alkawari nake so."

Ya yi mata alkawari. Shi ya sa 'yarsu Marlys, da ta shirya musu tafiyar nan don cikarsu shekara hamsin da aure, ba ta san komai ba. Abin da ta sani shi ne mahaifiyarta ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa 'yan makaranta abinci, tana tsaye bayan tukunya da ludayi, kuma ba a taɓa ja mata kujera a ce ta zauna ba. Ranar liyafar kyaftin ta faɗo daidai da ranar aurensu. Aili ta zagaye ranar da jan biro a kalanda, a takardar jirgin, har da bayan hannunta.

Ranar da suka shiga jirgin a Seattle, ta buɗe akwatin a kan gado tana taƙama.

"Duba da kyau. In ka sami abu ɗaya da na manta, ka jefa ni ruwa."

Arvo ya duba. Safa tana nan, magunguna suna nan, farar riga da aka goge da sitati, laktaye, baƙin takalmi. A sama, a ninke, ga jaket ɗinsa: ta ulu mai kauri, ja mai gida-gida da ratsin baƙi, irin ta maharban barewa. Aili ce ta ɗinka ta da hannunta shekarar da aka haifi Marlys, sau uku tana sake mata shafi. An kakkaɓe ta, an sa mata sabon maɓalli a wuya. Kwat ɗin jana'iza kuwa tana can Biwabik cikin ledarta.

Shekara talatin da takwas Arvo ya yi yana gyaran injuna a ramin tama, lokutan sanyi kuma ya ƙarar da su a kan littattafan laburaren gari, har ƙamus ya karanta daga bango zuwa bango don ya rasa abin da bai karanta ba. Ya san sarai wace irin jaket masu jirgi ke nufi.

"Yaya?" in ji Aili. Murmushi take yi, amma ta ƙanƙame fensirin nan.

"Komai na nan."

"Na faɗa maka ai. Kaina bai tafi ko'ina ba tukuna."

Da jirgin ya tsaya a Juneau, ya ga baƙar kwat a tagar wani kanti. Ya tsaya ya dube ta kamar minti guda. Sayenta daidai yake da ya ce wa Aili kwana ukun nan nata sun tashi a banza. Ya wuce ya sayo mata kofi.

Akwai kuma abin da ita kanta ba ta lura da shi ba. Tun watan Afrilu fuskoki suka fara ɓace mata a cikin taro. A gida, su biyu, babu matsala. Amma ran nan a kantin kayan miya ta wuce shi har sau biyu yana tsaye cikin rigar sanyi mai ruwan toka, tana neman mijinta. Tun daga ranar, in za su shiga mutane, ja yake sawa.

Kwana uku suna cin abinci a ɗakin ɗebi-da-kanka na saman jirgi, domin Aili ta ce in suka shiga babban ɗakin tun yanzu, ranar ba za ta zama rana ba. Da safen kwana na huɗu jirgin ya kutsa cikin wani lungun teku ya tsaya gaban tsaunin ƙanƙara, kowa ya fito kallo. Mutum wajen dubu biyu ne suka bar gidajensu masu ɗumi don su zo su ga abin da Arvo ke kwashewa da shebur daga ƙofar gidansa wata biyar a shekara. Iska tana busowa daga kan ƙanƙarar kamar reza.

"Kai, Minnesota! Ina ka baro barewar?"

Delbert Haskew ne, maƙwabcin ɗakinsu a jirgin, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da motoci a Tucson ta jihar Arizona, bakinsa kuma bai san an yi ritaya ba. Gajeren wando ne a jikinsa da 'yar riga mai hoton itacen dabino, ya yafa bargon jirgi. Gwiwoyinsa sun yi shuɗi.

"Tana ɗaki," in ji Arvo. "Ta ce ba za ta fito ta ga ƙafafun nan naka ba."

"Ba laifina ba ne, mutumina. Takarda ce ta ce a sa kayan shan iska."

"To ga iskar nan, Arizona. Sha."

Delbert ya yi dariya har haƙoransa suka ƙara kaɗawa. Kowa da yanayin garinsu yake karanta takarda. Arvo ya laluba aljihu ya ciro safar hannu ta fata mai shafin ulu, ya miƙa masa.

"Karɓi, kafin yatsun su zube mana a nan a ce mu share."

"Allah ya yi maka albarka, kai da barewarka." Delbert ya zura hannuwansa yana nishi. "Amma tsaya ka gani. Yanzu lokacinka ne. Anjima da yamma nawa ne. Kwat na kawo wadda kyaftin da kansa zai tambayi telana. Kai fa, me ka tanada?"

"Jaket."

"Wace iri?"

"Irin wadda takarda ta ce."

Arvo ya je karɓo kofi. Da ya juyo, ya hango Aili a bakin ƙarfen jirgi tana waige-waige, tana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai idonta ya faɗa kan ja. Nan take kafaɗunta suka sauka.

"Ina ka shiga? Wani ɓangaren dutsen ya faɗo ruwa, kai kana can kana surutu."

"Zai sake faɗowa. Ba shi da wani aikin."

Ƙarfe biyar da rabi na yamma, rana tana sama kamar azahar, suka sauka zuwa babban ɗakin. Aili ta sa doguwar riga shuɗiya da sarƙar mahaifiyarta. Ita ta ɗaura masa laktaye, ta ɓalla masa jaket ɗin, ta ja da baya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba laifi. A bakin Aili, ba laifi lambar yabo ce.

Layin ya kai tsawon barandar. Maza duk sun sha baƙi da farin ƙirji, tamkar an kira taron hankaki. A bakin ƙofa wani mutum ne tsaye, gajere, furfura ta fara cin gefen kansa, sunansa a rubuce a ƙirji: Dalisay. Shi ne shugaban masu hidimar ɗakin, ɗan ƙasar Filifin, kuma daga tsayuwarsa ka san ya daɗe yana hana masu kuɗi abu cikin ladabi. Ya gai da Aili da ɗan rusunawa. Ya dubi Arvo, ya matso kusa, ya rage murya.

"Yallabai, a gafarce ni. Yau ranar liyafa ce. Sai da jaket."

"Ga ta a jikina."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ba irin wannan ba."

Arvo ya ciro takardar daga aljihu, ya buɗe shafi na uku. "Karanta mini inda aka ce ba irin wannan ba."

"Kowa ya san abin da ake nufi, yallabai."

"Wanda ya san abin da yake nufi ai sai ya rubuta shi. Shafi huɗu gare ku. Har launin takalmin wanka kun faɗa."

Daga baya aka ji muryar Delbert. Kwat ɗin tasa kuwa gaskiyarsa, sai ƙyalli take. "Minnesota, ashe da gaske kake! Oga, bar shi ya shiga mana, wa ya sani ko naman kicin bai isa ba, ya harbo mana wani."

Aka yi 'yar dariya a layi. Dalisay bai yi ba.

"Muna da na aro, yallabai, a ɗan ɗakin nan na gefe. Kullum ana samun wanda ya manta tasa. Ba abin kunya ba ne."

Kalmar ta kai kunnen Aili. Ta saki hannun Arvo, ta dubi takardar, ta dubi mazan da ke layi, ta sake duban takardar. Ya ga yadda jini ya fara barin fuskarta.

"Wa ya manta? Arvo, na yi kuskure ne? Na bi layin nan, na sa alama."

"Ba da mu yake ba. Lambar teburinmu ce suka rikita, kin san aikin mutanen teku." Ya kai ta wata kujera da ke gefen ƙofar ya zaunar da ita. "Zauna nan. Yanzu zan dawo."

A ɗan ɗakin akwai baƙaƙen kwat goma sha ɗaya a rataye, duk suna warin turaren mutanen da ba su san juna ba. Dalisay ya zaɓo mafi girma ya riƙe masa. Arvo ya yi lissafinsa: taku goma ne daga nan zuwa kujerar. Zai riga ta magana, ta ji muryarsa, ya ce mata al'adar jirgi ce, duk wanda ya cika shekara hamsin da aure kyaftin ne ke tufatar da shi. Za ta yi ƙorafi, za ta yarda, su shiga su ci abincinsu. Ya tuɓe jar jaket ɗin, ya zura baƙar. Hannayen kwat ɗin suka tsaya masa can sama da agogo, kafaɗa ta kama shi tam. Zanen aro dama ba ya rufe katara.

Ya fito. Kafin ya buɗe baki Aili ta ɗago kai, ta kamo hannun rigar da yatsu biyu.

"Bawan Allah, don Allah ko ka ga mijina? Dogo ne, da jar jaket. Yanzun nan ya bi ta nan."

Idonta yana cikin nasa. Idon da ya sani tun tana 'yar shekara goma sha tara, yana kallonsa kamar yadda ake kallon bangon asibiti.

Kalma ɗaya ta isa. In ya ce Aili, za ta gane muryar. Za ta kuma gane abin da ta yi yanzun nan, a gaban Delbert da matarsa, a gaban mutum talatin da ke layi, a ranar da ta zagaye da jan biro. Dalisay yana tsaye taku biyu a bayansa.

Arvo ya haɗe ƙafafunsa, ya ɗan rusuna kamar yadda ya ga Dalisay ya yi, ya sirantar da murya.

"Na gan shi, ranki ya daɗe. Bari in kira miki shi."

"Na gode. Ka ce masa ya yi sauri, shi komai sai ya yi gardama."

"Zan faɗa masa."

Ya koma ɗan ɗakin. Sai da ya yi ƙoƙari sau biyu kafin maɓallin ya fita. Ya rataye kwat ɗin inda ya same ta, ya ɗauki tasa ya sa. Dalisay ya shigo ya ja ƙofa.

"Yallabai," ya ce a hankali, "tun yaushe ne uwargida..."

"Tun yaushe me?"

Dalisay ya gyara wa kwat ɗin zama a inda aka rataye ta.

"Matata ba ta son baƙin kaya," in ji Arvo. "Shi ke nan labarin. Ka ji wani abu ban da wannan?"

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. To saurara. Matar can kwana uku ta yi tana bin takardarku, kuma ba ta kuskure ko waƙafi ba. Kun ce jaket, ta kawo jaket. Da ita zan shiga. In ba za ka bar ni ba, kai za ka fita ka gaya mata da bakinka cewa ba ta iya karatu ba, don ni ba zan faɗa ba."

Dalisay ya shafa haɓarsa. "Ka san matsalata, yallabai? In na bar ka, akwai mutum ɗari uku a ciki da laktaye ya shaƙe. Kowannensu zai tambaye ni dalili. Wanda ke sama da ni ma zai tambaya. Ba zan ce don na ga dama ba."

"Kuna da doka a rubuce, ko da ka kuke aiki?"

Akwai wani ɗan littafi a aljihun Dalisay, wanda shekaru suka lanƙwasa wa kunnuwa. Ya ciro shi kamar mai jin nauyi, ya buɗe, ya miƙa. Arvo ya sa tabarau. Ya san masu rubuta doka: suna zuba kalmomi don su toshe ƙofa, su manta da taga.

"Ga shi nan. Mai kwala, mai dogon hannu, mai maɓalli a gaba, mai shafi a ciki. A sa ta a kan riga da laktaye." Ya ɗago kai. "Ina launi?"

"Babu launi."

"Kwala." Ya taɓa wuyansa. "Hannu, har biyu. Maɓalli shida, naku biyu ne. Shafi kuwa, duba da kanka."

Dalisay ya kama gefen jaket ɗin ya juya cikinta. Ya bi ɗinkin da babban yatsa daga hammata zuwa ƙasa, a hankali, irin bin wanda ya san abin da yake dubawa.

"Ɗinkin hannu ne."

"Nata ne."

"Shekara ashirin da biyu ina rataye kwat ɗin mutane, yallabai. Duk ɗakin nan babu wadda za ta kai baɗi." Ya saki rigar, ya mai da littafin aljihu. "Amma akwai layi na gaba, ban sani ba ko ka gani. Ba a tuɓe ta a tebur. Daga miya har kayan zaƙi. Ɗakin kuma da ɗumi, saboda matan da suka bar kafaɗa a waje."

"Na yi aiki kusa da tanderun gasa tama. Kawo miyarka."

Dalisay ya ɗauko buroshin tufafi daga kan kanta, ya kakkaɓe masa kafaɗu, dama da hagu, duk da babu ko ƙura a kansu. Ya buɗe ƙofa ya tsaya gefe.

Aili ta hango ja tun daga nesa ta miƙe.

"Sai yanzu? Har aike na yi maka."

"Ya iske ni."

"An gyara lambar?"

"An gyara. Kuskurensu ne."

"Na sani ai."

Dalisay da kansa ya shige gaba. Delbert ya ɗaga murya daga layi, amma wannan karon dariyar ba ta kai idonsa ba, don yana kusa da kujerar lokacin da aka yi abin, kuma dillalin mota ba ya rasa lura. "To, oga, in haka ne ni ma in koma in sako gajeren wandona?"

"In yana da kwala da shafi, yallabai, bismillah," in ji Dalisay ba tare da ya waiga ba.

"Ka dawo mini da safar hannuna tukuna, Arizona," in ji Arvo.

Teburinsu yana can ƙarshen ɗakin, jikin taga, don haka sai da suka ratsa taron gaba ɗaya. Cokula suka tsaya a hanya. Wata mata ta taɓa mijinta da gwiwar hannu. Arvo bai yi sauri ba. Ya bi tsakiyar hankakin nan da jarsa, hannun Aili a cikin nasa, yana tafiya irin ta wanda aka gina ɗakin dominsa. Aili kuwa kanta a sama, tana amsa kallon mutane da ɗan gyaɗa kai, don a ganinta rigarta shuɗiya suke kallo, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Dalisay ya ja mata kujera. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta dubi farin ƙyallen tebur, ta dubi cokula uku da aka jera mata. Sannan ta zauna a hankali, ta gyara rigarta.

Aka kawo miya. Kafin a kawo kifi gumi ya fara bin bayan Arvo. Jaket ɗin an ɗinka ta ne don ranakun da tofi ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, ba ta kuma san an shigo da ita ɗaki ba, aikinta kawai take yi. Kwalar farar rigar ta jiƙe. Ba tare da an tambaya ba, wani mai hidima ya ajiye masa babban tulun ruwan ƙanƙara a gefensa, ya ce daga oga ne.

Aili ta ɗanɗana kifin, ta tauna, ta yi nazari.

"Gishiri ya yi kaɗan. Amma wanda ya dafa ya san aikinsa." Ta sake yanka. "Ka san wani abu? Akwai wani dattijon ma'aikaci a bakin ƙofa, shi na aika ya kira ka. Mai ladabi. Ya ba ni tausayi, wallahi. Da tsufansa yana aiki, kuma ka ga kwat ɗin da ke jikinsa? Hannun ko agogo bai kai ba. Ko dai ba shi da mata, ko matar ba ta duba shi kafin ya fita."

Arvo ya kurɓi ruwa. "Ba kowa ke dacen mata ba."

"Ato. Kai ma da na bar ka ka haɗa akwatin nan, da kwat ɗin jana'iza za ka kwaso mana, ka saje da waɗannan. Dube su, don Allah. Kamar an zo rabon gado."

Ta taga tsaunuka suna wucewa da farin rawaninsu na ƙanƙara, rana ta ƙi faɗuwa. Arvo ya san akwai ranar da ja ma ba zai isa ba. Likitan Duluth bai ɓoye wannan ba. Amma ba a rubuta ranar a kowace takarda ba, kuma ba yau ba ce.

Da aka kawo kek mai kyandir, masu hidima suka kewaye su suna tafi, Aili ta leƙo ta tsakanin hasken ta dube shi da kyau.

"Arvo, gumi kake yi kamar an tsamo ka daga tafki. Cire ta mana ka rataya a kujera."

"Doka ta hana."

"Tun yaushe ka fara bin doka?"

"Tun da aka rubuta wadda ta dace da ni."

Ta yi tsaki, ta miƙo hannu ta kan tebur. Sabon maɓallin nan na wuya ya kuɓuce. Ta ɓalla masa shi da yatsu biyu, ta daddaɓe kwalar ta kwanta.

"Yauwa. Zauna sosai, ana kallonmu."